Mai Warin Tafarnuwa

Motar a cike take maƙil, amma babu wanda ya zauna kusa da shi. Warin tafarnuwa ke fita daga numfashinsa, har wata dattijuwa ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Ɗan nan, kwando guda ka ci?"

"Ko a miya ba na cin ta, Inna. Ruwan aikinmu ne ke sa warin."

Bai fi shekara talatin ba, amma gashin kansa ya zube wuri-wuri. Faratansa uku sun cire, sauran sun yi ja sun tsattsage. Buhun da ke tsakanin ƙafafunsa cike yake da mariƙan ƙofa, baƙaƙe wuluk masu sheƙi, irin na gidajen da maigadi ba zai bar shi ya shiga ba. Yana bayani kamar mai ba da haƙuri. A wani shuɗin ruwa mai sinadarin seleniyam suke tsoma ƙarfen ya yi baƙi. Maigidansu ya ce safar hannu tana rage sauri, sai yake raba musu madara, gwangwani ɗaya duk mako, wai tana wanke guba.

Ga gwangwanin nan a cinyarsa, yana goge shi da bakin riga.

"To, ka sha mana," in ji dattijuwar.

"Ta matata mai jego ce, Inna. Ita ke shayarwa."

Ina jin bai taɓa huda gwangwanin don kansa ba.

Ya sauka. Kafin ya gama saɓa buhun, wani ya goge kujerar da hankici ya zauna.