Wanda Ya Fara Zuwa Jaje

Jiya da yamma yarana suka matsa sai na kalli wani fim na ɓarayin shanu a wayar babbansu. A gajiye na dawo daga kasuwa, amma na zauna. 'Yan wasan kam sun iya, har uwar yaran ta bar tuwo ya kama. Ko rabi ba a kai ba na nuna wani dattijo mai sanyin murya, na ce shi ke kai wa ɓarayin labari. Da ta tabbata, yaran suka rantse na taɓa gani. Ban taɓa ba, kakata ce ta ɓata mini kallo.

Iya Ladi muke ce mata. A ƙauyenmu na wajen Kuyello, da kaka, takan hura wuta da totuwa bayan isha'i, mu kewaye ta muna ɓare masara. Ni da Sale ɗan maƙwabtanmu tabarma ɗaya muke zama. Iya ba ta ba da tatsuniya haka kawai, kowa da muryar da take ara masa, kuma mugu take bai wa mafi daɗi.

Akwai ta wani manomi da aka sace wa shanun huɗa. Gari bai gama wayewa ba maƙwabcinsa ya yi sallama. Nan Iya za ta karkata kai, ta sassauta murya: "Sannu, ɗan'uwana. Allah ya mayar da alheri. Tashi mu bi sawu." Shi ya shige gaba cikin daji, yana tafe yana jan ƙafa, yana shafe sawun. Sai da wata tsohuwa ta tambayi yadda aka yi ya zo jaje alhali mai shanun bai gaya wa kowa ba, sannan asirinsa ya tonu.

"Ku lura da mai saurin zuwa," in ji Iya, tana tura totuwa cikin wuta.

Shekarar da aka kore mana shanu zuwa daji, Iya ta daɗe da rasuwa. Wanda ya fara yi mini sallama da asuba Sale ne. Ya ce mu bi sawu. Na dubi ƙafafunsa, na ce ya bari. Tun ranar ban sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba, har muka kwaso kayanmu muka dawo Birnin Gwari. Ba ni da wata shaida a kansa. Wataƙila kukan matata ya jiyo ta katangar zana.

A fim, kafin a tashi ana nuna maka mai laifi. Iya ma ba ta taɓa barinmu mu kwanta ba mu sani ba. Ni shekara shida ke nan, kuma na gaji da zargi, wallahi na gaji.

Abin da ke cina shi ne Sale ma ya ji tatsuniyar nan, a gefena. Ya san abin da zan zata, amma ya zo. Har yanzu duk Juma'a yakan kira ni, in zuba wa wayar ido har ta katse.