Mai Faci, Karensa da Ƙwayar Hawan Jini

Yayana mai faci ne. Tun ban san dama da hagu ba yake wannan sana'a, a wata rumfar kwano da ke bakin babban titi, daidai inda manyan motoci ke rage gudu kafin su sha kwana. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska mai tari kamar tsoho, rabin duro cike da baƙin ruwa da yake tsoma tif a ciki don ya ga inda ya huje, ƙarafan ɓamɓare taya, da wani benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya wanda ya sha kayar da manyan mutane. Yana da gejin awon iska, amma a jikin ƙusa yake rataye. Shi da babban yatsa yake awo. Ya danna taya, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ta ƙoshi." Idan direba ya nace sai an sa geji, Yaya zai sa, amma ranar ba hira tsakaninsu.

Shi ne babba a gidanmu, ni ce ƙarama, shi ya sa har yau da nake da jikoki Auta yake kirana. Mutum ne mai zuciya a kusa. Yana faɗa da direbobi, yana faɗa da rediyo, ƙuda ma in ya dame shi sai ya gaya masa magana. Amma hannunsa a sake yake. Da kuɗin faci ya biya min makaranta, kuma bai taɓa ɗaga zancen ba ko a cikin fushi.

Wata safiya ya je buɗe rumfa ya tarar da ɗan kwikwiyo a naɗe cikin tsohuwar taya. Ya kore shi, ya dawo. Ya sake kora, ya sake dawowa.

"Ni ba na kiwon kare," in ji Yaya. "Amma tunda ya ƙi tafiya, ya tsare min tayoyi, ya ci guminsa."

Ya sa masa suna Sifana, saboda a lokacin siriri ne, ga baki kullum a wangale kamar ƙarfen kwance noti. Sifana ya girma ya zama ƙaton kare, ya kuma ɗauko halin ubangidansa kaf. Babur ba ya wucewa bai yi masa haushi ba. Wanda duk ya taɓa tiyon iska ba da izini ba, sai ya ji numfashi a bayan gwiwarsa.

Da shekaru suka ja, sai Yaya ya fara ciwon kai a ƙeya, wani lokaci in ya sunkuya kan taya ya ɗago sai ya ga titi yana juyawa. Matarsa, wadda nake kira Anti shi kuma yake kira Sufeto saboda ba abin da ke wuce idonta, ta tasa shi gaba sai asibiti. Nas ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

"Baba, da ƙafarka ka zo?"

"A'a, da ka na tako," in ji Yaya.

Likita ya ce hawan jini ne, kuma ya hau ba da wasa ba. Ya rubuta ƙwaya, ɗaya kowace safiya.

"Har zuwa yaushe?" Yaya ya tambaya.

"Ba a dainawa, Baba. Ba warkar da shi take yi ba, riƙe shi take yi."

Yaya ya gyara zama. "Likita, ni mai faci ne. In na yi wa mutum faci, na ce kullum da safe ya dawo in sake liƙawa, me za ka kira ni?"

Likita ya yi dariya, ya yi masa bayanin jijiyoyi da zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Yaya ya ce to. Wanda ya san Yaya ya san irin wannan to ɗin.

Ya sha na 'yan kwanaki, ya ce tana kashe masa jiki, ya ajiye. Anti ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta haɗa shi da 'ya'yansa a waya. Ya yi kunnen uwar shegu da su duka. Daga nan sai Anti ta yi shiru, shirunta kuwa ya fi faɗanta haɗari.

Yaya ba ya karyawa a gida. Kullum Anti kan haɗa masa shayi a filas da burodi mai kifin gwangwani a tsakiya, ya tafi da su rumfa. Kuma shekara da shekaru yana da doka ɗaya: kada a yanke ƙarshen burodin, a bar masa. Da na kai musu ziyara, Anti ta ja ni ɗakin girki ta rufe ƙofa.

"Na gama da yayanki," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "A ƙarshen burodin nake cusa ƙwayar, in danna kifi a kai. Ai kin san yadda yake son wurin."

Muka fito muka tarar da shi a falo yana bugun ƙirji.

"Auta, kin gan ni? Ba ƙwaya, ba komai, ga ni garau. Likitocin nan tsoratar da mutane kawai suka iya."

"Gaskiyarka, Baban yara," in ji Anti, tana toshe baki da gefen ɗankwali. "Har wani haske ka yi."

Haka suka zauna, kowa yana ganin ya yi wa ɗan'uwansa wayo. Anti har cewa take wai ya rage faɗa. Ni ban ga alama ba, amma ban so in ɓata mata rai.

Wanda ya rage faɗa shi ne Sifana. Da farko babur zai wuce, sai ya ɗaga kunne ɗaya ya mayar. Sannan wata akuya ta shigo rumfar ta cinye kwalin gam a gaban hancinsa, bai ko tanka ba. Ran da ya miƙe zai sha ruwa ƙafafunsa na baya suka harɗe ya zube, Yaya ya yanke hukunci cewa maƙwabcinsa mai wankin mota ne ya ba shi guba, don sun daɗe suna rigima kan ruwan kumfa da ke gangarowa rumfa. Aka yi cacar baki har direbobi suka shiga tsakani. Bayan nan ya kira ni, da yake ni ce mai mota a danginmu, wata tsohuwar mota da babu tayarta da ba ta san hannun Yaya ba.

"Auta, zo ki kai mu wurin likitan dabbobi."

Mutumin da sai an ja shi kamar rago yake zuwa asibiti, ga shi ya rungumo ƙaton kare a ƙirji, ya shiga kujerar baya, ya ɗora kan karen a cinyarsa. Anti ta biyo mu, wai don kada ya je ya yi faɗa da mutane.

Likitar dabbobin mace ce, mai sanyin murya. Ɗakin yana warin magani, ga teburin ƙarfe a tsakiya, ga hoton ƙasusuwan kare a bango, ga wani faffaɗan sikeli a ƙasa. Ta ɗaga leɓen Sifana ta duba dasashinsa, ta saurari ƙirjinsa, sannan ta ɗauko wani ɗan ƙaramin abin awo ta naɗa masa a ƙafar gaba.

Yaya ya zaro ido. "Wannan ai irin wanda aka ɗaura min ne! Kare ma yana hawan jini?"

"Yana yi, musamman tsoho mai ciwon ƙoda," ta ce. "Amma naka ba hawa ya yi ba, sauka ya yi, ƙasa sosai. Akwai mai shan maganin hawan jini a gidanku?"

"Akwai wanda aka rubuta wa, amma ba ya sha," in ji Yaya da alfahari. "Ni ne."

"To me karen yake ci?"

"Abin da ya samu. Sai da safe nakan ba shi ƙarshen burodina da ɗan kifi. Kullum. Tun yana kwikwiyo ban taɓa fashi ba."

Anti ta nemi wurin zama ba ta samu ba, ta zauna daɓas a kan sikelin karnuka.

"Wayyo ni," ta ce. "Baban yara, kare kake ba ƙarshen burodin?"

"Eh, sai aka yi yaya?"

Ta buɗe jaka, ta fito da kwalin ƙwayar, saura 'yan kaɗan a ciki. Ta miƙa wa likita. Yaya ya dubi kwalin, ya dubi matarsa, ya dubi karen. Na ga lokacin da zancen ya isa kansa, don jijiyar goshinsa sai da ta tashi.

"Sufeto! Kare kika yi ta yi wa magani?"

"Kai nake yi wa! Wa ya ce ka ba shi?"

"Wa ya ce ki sa?"

"Shekara nawa kana cewa a bar maka ƙarshen burodi?"

"Na ce a bar min, na ce miki ni zan ci?"

Ni kuwa na juya na fuskanci hoton ƙasusuwa, kafaɗuna suna rawa.

Likita ta bar su suka sauke, sannan ta karanta kwalin. Ta ce Allah ya rufa asiri, ƙwayar ƙarama ce, karen kuma ƙato. Akwai irin da guda ɗaya ma za ta iya kashe kare. Ta ce za ta riƙe Sifana ta ƙara masa ruwa, ta duba ƙodarsa.

Yaya ya ɗan huce. "To in kare ya kamu da gaske, irin maganinmu kuke ba shi?"

"Wani lokaci iri ɗaya ne. Amma sai mun auna nauyinsa da jininsa, mu yanke masa nasa. Ba a raba magani tsakanin mutum da dabba." Ta dubi Anti tana murmushi. "Dabarar nan taki ita muke koya wa masu karnuka, a cusa a abinci. Sai dai mutum ba a yi masa haka." Daga nan ta daina murmushin. "Abin da ya fi damuna ba karen ba ne, Baba. Duk tsawon lokacin nan ke nan kai ba ka sha komai ba."

Anti ta dafe ƙirji. Sai a lokacin wannan ɓangaren ya faɗo mata.

Yaya ya naɗe hannun riga ya miƙa damtse. "To auna ni mu gani."

"Dabbobi nake dubawa."

"Ai ba laifi. Matata ta sha gaya min ba ni da maraba da jaki."

Ta ce a'a, abin awon ma ko wuyan hannunsa ba zai zagaye ba. Ta ce ya tafi wurin likitansa, kuma yau, ba gobe ba.

Muka bar Sifana a can, muka shiga mota. Ina kallon Yaya ta madubi, yana zaune shi kaɗai a baya, gashin kare duk a rigarsa.

"Auta," ya ce can, "ashe 'yar ƙwayar nan tana aiki. Sifana fa ko sanda ba ta kwantar da shi."

Abin da likita da mata da 'ya'ya suka kasa, ganin ido ya yi shi. Muka zarce asibiti. Jinin yana nan a sama inda aka bar shi, har da ƙari. Da likita ya ji labarin sai ya ajiye biro, ya ce a ba shi minti ɗaya, ya fita. Muna jin dariyarsa daga baranda. Da ya dawo ya canza masa ƙwayar zuwa wadda ba za ta kashe masa jiki ba, ya ce in wannan ma ta dame shi ya zo ya faɗa, kada ya ajiye a ɓoye. Ya juya kan Anti ya ce ita ma kada ta ƙara bayarwa a ɓoye. Karo na farko ke nan da na ga an yi musu faɗa tare, suka sunkuyar da kai kamar 'yan makaranta.

Sifana ya warke. Da aka dawo da shi rumfa, mai wankin mota ya leƙo yi masa barka, shi ne wanda karen ya fara yi wa haushi. Yaya bai iya ba da haƙuri da baki ba, don haka ya aika aka gaya wa mutumin cewa daga yau iskar babur ɗinsa kyauta ce.

Tun daga lokacin Yaya ke shan ƙwayarsa a tsaye a bakin rumfa, a gaban kowa, ya kora da shayi. Direbobi kuwa suka shiga uku. Duk wanda ya ce kansa na ciwo, Yaya zai ajiye ƙarfe ya tsare shi da tambayoyi: yaushe rabonka da awo, gishiri nawa kake ci, wa ya rubuta maka wannan da kake sha? Wani direban tirela ya taɓa ce masa, "Baba, taya na kawo, ba kaina ba." Yaya ya ce tayar za ta jira.

Shi da Anti har yau ba su daidaita kan mai laifi ba. In 'ya'yansu suna son nishaɗi, sai ɗaya ya ce, "Wai Baba, wa ya ba Sifana magani?" su koma gefe su sha kallo.

Karen ya ƙara shekaru masu kyau kafin tsufa ya ci ƙarfinsa. Bara aka tarar da shi a ƙarƙashin bencin, ya mutu cikin barci. Yaya ya binne shi da kansa a bayan rumfa, ya ƙi yarda kowa ya karɓi shebur. Ranar bai yi aiki ba. Na je gidan da yamma na same shi a tsakar gida a zaune, idanunsa jajur.

"Mura ce," ya ce tun ban tambaya ba.

Anti ta kawo masa shayi mai zafi, ta ce ai murar ta yi yawa a gari, ta zauna kusa da shi.