Alewar Ranar Lefteris

Wata tsohuwa tana tsaye a tashar jiragen ruwa ta Salamina, baƙin gyale a ka, faranti a hannu. Gabanta jirgin yaƙi ne da ya tsufa yana gadin tsibiranmu. Sunan Lefteris ya ci, wani matuƙi da ruwa ya tafi da shi lokacin yaƙi. Ina jin yayanta ne. Yau ranar masu wannan suna ce, kuma mai suna ke raba alewa. Jirgi ba shi da hannu, sai take ara masa nata.

"Kaka, baɗi fa za a farfasa shi," in ji sojan da ke gadi.

Ta cusa masa alewa a baki.

"Ƙarfe za su farfasa, ɗana. Sabon da ake ƙerawa, sunan wa zai ci in ba na Lefteris ba?"