Tayar da Ta Ƙi Juyawa

Kakarmu Inna Dubu ba ta ba da tatsuniya kyauta. Sai mun ɓare mata gyaɗa kwano ya cika, sannan ta tura ƙirare a murhu ta gyara zama. A ƙauyenmu kusa da Malumfashi, bayan an cire amfanin gona, nan tsakar gida muke taruwa bayan isha'i, hayaƙi na shiga idanunmu amma ba mai tashi. Ni ce matsoraciyar gidan, kuma ni ce mai zama gaba. Takan kalle ni ta ce, "Ke Asma'u, in kika yi mini fitsari a tabarma yau, gobe ba labari." Daga nan sai ta rage murya, har sai mun matso mun haɗa gwiwoyi.

Akwai guda ɗaya da na tsana, kuma ita nake yawan roƙo. Labarin wani falke ne da jakinsa. Magariba ta riske su a cikin wani daji da ake cewa akwai abin da ke kama ƙafar dabbobi, wanda duk ya waiwaya ya gan shi ba ya ƙara magana. Suna cikin tafiya sai jakin ya fara jan ƙafar baya. Inna takan ja tafin hannunta a ƙasa, shuuu, shuuu, mu ji yadda kofaton ke sharar yashi. Falke ya ji, amma ya kafe idonsa gaba. Ya ce wa kansa gajiya ce. Ya ce kaya ne suka yi nauyi, ya jefar da buhu ɗaya. Ya ce lalaci ne, ya ƙara sanda. Komai ya gwada ban da ya sauka ya ɗaga ƙafar. Da suka zo gangaren dutse a bakin rafi, ƙafar ta ƙage, jaki da falke suka tafi ƙasa tare.

Nan take tsayawa ta ci gaba da cin gyaɗarta. Mu ce, "Inna, to mene ne ya riƙe ƙafar?" Ta ce, "Wa ya sani? Ko ƙaya ce, ko igiya, ko abin nan. Mai jakin bai duba ba, ni zan duba masa?" A irin wannan dare ko randa ba na iya zuwa ni kaɗai.

Yanzu ni likita ce a Doha, muna zaune a Aziziya da mijina Kabiru da 'yarmu Hanifa. Shi injiniya ne, mutum mai natsuwa a komai, ban da abu ɗaya. Ya sayi wani babur na hawan duwatsu, siriri kamar akuyar rani, ko wurin zama ba shi da shi. A tsaye ake tuƙa shi. Duk Asabar da sassafe yakan bi abokansa can yamma inda akwai tsaunuka, su yi ta ɗare dutse suna saukowa a hankali, rai na rataye a kan birkin baya. Ni da nake ganin irin waɗanda ake kawo mana asibiti ranga-ranga, ban taɓa son abin ba. Na dai yi shiru, don ya fi dawowa da fara'a.

Wata Juma'a bayan la'asar na leƙa gareji na same shi yana tura babur ɗin zai ɗora a bayan mota. Tayar baya ba ta juyawa sosai, tana sharar siminti. Ƙarar ta shige ni har tsakiyar kai, shuuu, shuuu.

"Abban Hanifa, tayar nan lafiya?"

"Yashi ne. In ta yi zafi za ta saki. Maza, kauce in wuce."

Ban kauce ba. Na ce gobe da wannan zai sauko gangaren dutse, in ta ƙage masa a tsakiya fa? Ya yi dariya ya ce likitan mutane ta koma likitan ƙarfe. Amma ya ɗora babur ɗin a kan ƙarfen da ake ɗaga shi don gyara, tayar ta rataya. Na murza ta da hannu, ta ɗan motsa ta tsaya cak. Ya ce sarƙa ce ta yi tsauri. Ya cire ta, na sake murzawa, duk ɗaya. Ya ce to boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa ne ya ci yashi. Ya kama tayar ya jijjiga ta gefe da gefe, ba ta karkaɗa ba, kuma ba wani gurzo. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, yana gogewa har bayan hannun ya fita tas.

A nan na lura da wani abu. Ya zagaya babur ɗin nan ta ko'ina, amma ko sau ɗaya bai kai hannu wurin da ake taka birki ba.

Na ce, "Saura birki."

Ya ɗauki ƙaramin sifana ya sassauta ɗan notin da ake fitar da man birki. Mai ya tsarto, tayar ta saki, ta yi ta juyawa ita kaɗai. Na durƙusa na danna matakin birkin da yatsa. Ba shi da wasa ko kaɗan, tauri kamar an yi masa walda. A hankali ya yi mini bayani, idonsa a kan tayar: in aka ɗaure sandar matakin fiye da kima, mai ba ya samun hanyar komawa, birki na nan riƙe, kuma yana ƙara zafi yana ƙara kamawa.

"Wa ya ɗaure ta haka?"

"Ni ne."

"Kai da ka san wannan duka?"

Ya zauna a kan bokiti. Ya ce ya daɗe ba ya jin matakin a ƙarƙashin ƙafarsa ta dama. Yakan taka, bai san ya taka ba. Shi ya sa ya ɗaure, don ko taɓawa ya yi ya kama. Ya ce, "Shi ke nan, kin ji."

Mahaifin Kabiru ciwon suga ne ya ci ƙafarsa, aka yanke ta daga gwiwa. Kabiru ne ya yi jinyarsa har ƙarshe. Tsoro ya kama ni, irin wanda rabona da shi tun ina gaban murhun Inna.

Ina yarinya na ɗauka dajin ne abin tsoro a labarin nan. Na girma kafin in gane falke ba wawa ba ne. Ya san da matsala tun takun farko, yana dai ganin muddin bai gani da idonsa ba, akwai sauran dama ya zama ba komai. Na ga irinsa da yawa a ɗakin duba marasa lafiya, ina yi musu faɗa. Ban taɓa tunanin zan same shi zaune a kan bokiti a garejin gidana ba.

Na zaro tsinke daga tsintsiyar da ke jingine a bango, na cire masa safar ƙafar dama, na ce ya rufe ido. Na taɓa dugadugi.

"Na ji," in ji shi.

Na taɓa tsakiyar tafin. Ya ce ya ji, kaɗan. Na danna tsinken a ƙarƙashin babban yatsa har ya lanƙwashe.

Idonsa a rufe, ya ce, "Asma'u, ki ci gaba mana. Me kike jira?"