Haƙori Ɗaya

Kunne ake ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace. Tun yana saurayi, mota na shigowa gareji zai faɗi ciwonta kafin direba ya kashe inji. Sauran makanikai in za su ɗaura sarƙar tayimin, wadda ke sa sama da ƙasan inji su juya tare, sai sun lalubo 'yar alamar da kamfani ya buga a faifan haƙora. Shi kuwa da hannu yake daidaitawa, ya tayar, ya saurara. Alama, in ji shi, ta kurame ce.

To, kunnen ne ya fara tafiya. Bai gaya wa kowa ba, ya koyi kallon leɓe da gyaɗa kai, don ranar da maganar ta fita, ranar sana'arsa ta ƙare.

Ana haka Hajiya ta kawo motar marigayi mijinta, tsohuwar mota da ta girmi 'ya'yan Hajiyar duka. Sarƙar ta saki, tana kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani. Aikin ya ci masa rai. Sarƙar da aka fara samowa ta yi gajarta. Robar da ke tokare ta, yana taɓawa ta marmashe. Wani noti mai tsatsa ya karye a ciki, ya yini yana haƙo shi yana tsaki. Da ƙyar ya ɗaura sabuwa, ya shafa gam, ya rufe murfi.

Hajiya ta zo da ƙawarta don su ji. Ya murza makulli, mota ta tashi, ya washe baki.

Hajiya ta karkata kai. "Malam, ba haka muryarta take ba fa."

"Na'am?"

Ƙaninsa mai walda, da ke rumfar gefe, ya ɗaga tabarau. "Yaya, wannan ai tari take yi kamar tsohon da ya sha taba. Ko kai ma kunnen ya tafi hutu ne?"

"Kai da ƙarar ƙarfe ta cinye wa ƙwaƙwalwa, me ka sani?"

"Ni dai na ji. Kai fa?"

Ya faɗa da wasa, amma da ya dubi fuskar yayansa sai ya daina dariya. Kunne ya ɗauki doguwar sukundireba, ya dasa bakinta a jikin injin. Maimakon ya kai ƙotar kunne yadda ya saba, sai ya cije ta da haƙora, a gaban kowa. Ta ƙashin muƙamuƙi ya ji: injin na ɗingishi. Sarƙar ta goce da haƙori ɗaya.

Ya kashe motar, ya tofar da ɗanɗanon baƙin mai. Ga gam ya riga ya kama, sai an sake kwance komai.

"Hajiya, a yi haƙuri. Ba yau ba."

Ta ce Allah ya kai mu, suka fita ƙawar na waiwaye.

Kunne ya ɗauki sifana, ya yi magana bai juyo ba. "Auta, in na sake haɗawa, ka ajiye waldar nan ka zo ka tsaya kusa. Abin da ka ji, ka faɗa mini."

"To, Yaya."

"Me ka ce?"

"Na ce to!"

"Ai ba sai ka tara mini jama'a ba," in ji Kunne, ya durƙusa ya kama notin farko.