Mai Ɓoye Ekis

Idan ka taɓa buɗe waya kana tsakiyar karatu, tallar katifa ta faɗo maka a fuska ko sallama babu, ka yi ta laluben inda za ka rufe ta, to ka san aikin Auta ko da ba ka san fuskarsa ba. Shi ne mai ɓoye ɗan ekis ɗin nan na kusurwa, alamar da ake dannawa a rufe talla. Shekara shida ke nan yana wannan sana'a a wani ofis da ke saman shagon gyaran firinta, teburinsa na jikin tagar da ba ta buɗuwa.

Mutum ne mai kunya, wallahi. Ko layi ya shiga, sai ya ba na bayansa wuri. Amma zaunar da shi gaban kwamfuta ka sha mamaki: zai rage ekis ya koma kamar ƙwayar shinkafa, ya shafa masa ruwan toka a kan ruwan toka, sannan ya hana shi bayyana sai an ƙirga biyar.

Farkon zuwansa abin ya dame shi, har ya tunkari Manaja.

"Oga, mutane fa zaginmu suke yi."

"Su zaga mana," in ji Manaja, yana dariya tumbinsa na rawa. "Wanda ya zaga ai ya gani. Cikin dubu, uku za su danna ko da kuskure ne, ɗaya ya sayi katifar. Mai katifa kuwa zagi ba ya isa kunnensa, mai saye kawai yake gani. Ranar da suka daina dannawa, mu ma sai mu daina."

Auta ya koma teburinsa.

A gida, abin da Inna ta sani kawai shi ne autanta yana aikin kwamfuta, kuma haka take faɗa wa maƙwabta da ɗaga kai. Shi ya saya mata babbar waya don ta riƙa karanta labarai. Wata Asabar da rana ya kai mata ziyara, ya tarar da ita a kujerarta, tabarau a ƙarshen hanci, tana karanta wani bayani kan hawan jini. Sai ga shuɗiyar katifa ta rufe rubutun. Tasa ce, shi ya haɗa ta ranar Laraba. Inna ta kai yatsa, yatsan yana ɗan rawa, ta kuskure, wayar ta kwashe ta sai shagon katifa. Ta dawo da ƙyar, ta sake kuskurewa.

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙirƙiro wannan abu!" in ji ta. "Yadda ya hana ni sakewa, kada Allah ya ba shi sakewa."

Yayarsa, da ke guga a gefe, ta tuntsire da dariya. "Ai kullum sai ta yi masa, safe da yamma. Ya kai shekara biyu."

Auta kam bai ga abin dariya ba. Zagin mutanen gari daban, bakin uwa daban. Nan take ya tuna haƙorin da ya ƙi jin magani, da motar da ke mutuwa a tsakiyar titi ba dalili. Tsoro ya kama shi sosai.

Dabara ta farko, ya karɓi wayar ya sa mata abin da ke toshe talla. Bayan mako ya dawo da murna, ya tarar Inna tana nan kan bakanta.

"To ai yanzu ba ya fito miki, Inna."

"Yana fito wa maƙwabciyata. Don ya bar ni sai in bar shi?"

Sai ya koma lallashi. "A yi masa uzuri, Inna. Wataƙila bawan Allah ne mai neman abin da zai ci."

"Ya je ya sayar da ruwa."

"Wataƙila kuma yana da uwa."

"Uwar da ba ta iya tarbiyya ba! Da zan gan ta, da na faɗa mata biyu."

Haba, ina zai iya haɗiye wannan? Ya sauko daga kujera ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Inna, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Mai ɓoye ekis ɗin. Katifar ma ni na haɗa."

Yaya ta ajiye dutsen guga. Inna ta cire tabarau ta dube shi. Ya zaci faɗa ne zai biyo baya, sai ya ga idonta ya cika da hawaye. Ta kama kansa da hannu biyu.

"Na janye, na janye, na janye. Ya Allah, ban san ɗana nake jifa ba. Shekara biyu, Auta! Shi ya sa ka rame?"

"Dama haka nake, Inna."

"Rufe mini baki." Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ɗaga yatsanta mai rawa ta nuna masa. "Da kake rage shi, ka san akwai masu irin wannan?"

Ƙarya ba ta yiwuwa a nan. "Na sani. Su ne ma suka fi dannawa."

Inna ta gyaɗa kai a hankali, ta mayar da tabarau, ta ɗauki wayarta.

"To, ni dai na yafe maka duniya da lahira, tashi ka zauna. Amma ka sani, duk tsohuwar da ke riƙe da waya tana da baki irin nawa, kuma su ba su haife ka ba."