Sahura da Hotunan da Suka Koma Haruffa

Ƙarfe bakwai da rabi Madam Sahura Abdulwahid take buɗe shagonta a bayan tashar Dogon Dutsi. Ta share, ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfutoci, ta ɗora shayi, sannan ta saurari mai buga takarda da mai injin da ya ƙi tashi. Shekara ashirin ke nan tana wannan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idanu sun gaji. Ni kuwa, tsohon direktan wata makaranta a karkarar Dumega, akwai maganar da na daɗe da haɗiyewa, yau zan faɗe ta.

Shekara shida da suka wuce, saura kwana tara a rufe karɓar takardun BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, na buɗe kabad ɗin ofishina na tarar gara ta cinye takardun haihuwar ɗalibai. Laifina ne, wata huɗu ban leƙa ba. Yawancinsu iyaye suka sake nemo musu. Ban da Basira, ɗiyar makiyaya, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin. An yi mata takarda a wata karkara lokacin da iyayenta ke yawon kiwo, su kansu ba su tuna wace ba. In babu lambar rajista da sunan garin, babu inda za a nemo kwafi, kuma babu jarrabawa.

Na san na taɓa ɗaukar hoton kowace takarda na aika ta imel. Amma an rufe akwatin imel ɗin tuni, abin da ya rage sai ajiyar saƙonnin a cikin tsohuwar kwamfutar makaranta, ita ma ta mutu. Wani mai gyara ya kwafo ajiyar, ya bincika, ya ce ko saƙo ɗaya babu mai maƙale da hoto. Sai na hau mota zuwa wurin Sahura.

Ta buɗe saƙo guda yadda yake a ɗanyensa. Shafi bayan shafi na haruffa da lambobi, babu kai babu gindi.

"To kin gani, Madam, ya lalace," na ce.

"Direkta, yaya ka ke aika hoton?"

"Mannawa nake a tsakiyar rubutu."

"Shi ya sa. Wanga shirmen da ka ke gani, shi ne hotonka."

Ta yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya. Imel ƙunshi ne mai kashi-kashi, wani kashin ma da wasu a cikinsa, kowanne da layin da ke faɗin abin da ya ɗauko. Hoto ba ya tafiya a matsayin hoto, sai an juya shi haruffa, base64 ake kiran tsarin. Mai gyaran farko ya nemi abin da aka maƙala ne kawai, nawa kuwa suna kwance a jikin saƙon.

Saƙonni sun haura dubu biyu. Sai ta rubuta ɗan shiri da yaren kwamfuta na Python, wanda zai bi kowane saƙo kashi bayan kashi, duk inda ya ga alamar hoto ya kwance haruffan ya ajiye. Gwajin farko hoto ɗaya tak ya fito, na wani taron malamai, ga ni a tsakiya ina washe baki. Na kusa kuka, ita ko dariya ta yi. Ashe hotunan da aka manna duk suna ɗaya suke ɗauke da shi, kowanne sai ya danne na gabansa. Ta gyara, ta sa kowane hoto ya ɗauki kwanan wata da lamba. Kafin la'asar sun fito ɗari huɗu da 'yan kai, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na Basira ya ɗan karkace, amma lambar da sunan garin suna karantuwa sarai. Da su aka nemo kwafi, saura kwana biyu a rufe muka shigar da takardunta.

Madam Sahura, ke ce mai haƙurin karanta abin da kowa ya ce shara ne. Ba ki ɓoye shirin ba, kin zuba wa sakatarori da dama a injinansu, kin zauna kin koya musu. Kuma ba ki taɓa faɗa wa kowa sakacina ba, ko da wasa. Na gode, na gode ƙwarai. Allah Ya ba idanunki lafiya. Masu wannan sana'a, ku yi koyi da ita: kafin ku ce wa mutum abinsa ya tafi, ku buɗe ku duba cikinsa.

Sauran magana taki ce, Basira. Ranar da sakamako ya fito aka ga kin ci, mahaifinki ya zo har gida ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, na karɓa, kunya ta hana ni faɗa masa gaskiya. Ni na kusa ɓatar miki da shekara. Wadda ta cece ki tana bayan tasha har ƙarshen wata. Ki je ki gaishe ta.